Daga Tukur-Tukur Zuwa Ajin Jami'a: Tarihin Horar da Ma'aikatan Watsa Labarai a Nijeriya

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin hanyar da aka bi a Nijeriya, musamman a Arewa, wajen shirya saurayi ko budurwa don kama aikin watsa labarai, tun daga lokacin da ake koyon aikin a gindin wanda ya iya, har zuwa lokacin da jami'o'i suka karɓi ragamar horon. Abin da ake nufi da watsa labarai a nan ya haɗa da aikin jarida, da na rediyo da telebijin, da kuma aikin jami'an labarai na ma'aikatun gwamnati da na kamfanoni.

Tarihin ya nuna cewa jami'a ta ba wa wannan sana'a martaba da zurfin ilmin da ba ta da su a da. Amma kuma a yayin ƙaura daga ɗakin labarai zuwa aji, an baro waɗansu kaya biyu a tsohon gida, watau ƙwarewa a harshen da jama'a ke ji, da kuma sabo da aiki da hannu a ƙarƙashin idon edita. Waɗannan kaya biyu kuwa su ne abin da ake fara tambayar sabon ma'aikaci ran da ya kama aiki. Saboda haka maganar ta shafi ɗalibin da ke shirin fita, ta kuma shafi ma'aikacin gwamnatin da zai karɓe shi.

Kafin Zuwan Turawa

Ƙasar Hausa ba ta jira Bature ba kafin ta san isar da saƙo. Kowace fada tana da masu shela da ke zaga gari da umarnin sarki, tana da manzanni masu kai takardu daga wannan birni zuwa wancan, ga kuma sanƙira da maroƙa da makaɗan fada, waɗanda bakinsu ke ɗaukaka mutum ko ya ƙasƙantar da shi. Galibin waɗannan sana'o'i gado ne. Yaro yana tashi a bayan ubansa, yana ji yana maimaitawa, ana ƙwabarsa in ya yi kuskure, har ya san kalmar da ake faɗa a gaban sarki da wadda ake faɗa a kasuwa.

Malaman jihadi sun kai wannan fasaha wani matsayi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa sun rubuta littattafai da Larabci domin malamai, suka kuma tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa domin talakawa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu cikin 1864, ta tsara ƙungiyar 'yan taru, inda takan horar da jajis, watau dattijan mata, su haddace waƙoƙin wa'azi su kai wa matan ƙauyuka. Ana zaɓen jaji ne bisa halinta da yardar da mutanen ƙauyensu suka yi mata, sa'an nan a ba ta saƙon cikin harshen da za a fahimta. Duk wani horo da ya biyo baya, da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Zamanin Gaskiya: Malamin Makaranta Ya Zama Edita

Jarida ta farko a ƙasar da ta zama Nijeriya ita ce Iwe Irohin, wadda wani ɗan mishan, Henry Townsend, ya kafa a Abeokuta cikin 1859, da harshen Yarabanci. Arewa ba ta sami tata tsayayyar jarida ba sai bayan shekara tamanin. An dai gwada wata cikin 1932, mai suna Jaridar Nijeriya ta Arewa, wadda ake bugawa da Hausa da Larabci da Turanci, amma ba ta wuce sanarwar hukuma da labaran sarakuna ba. Cikin watan Janairu na 1939 ne Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito daga Zariya, a ƙarƙashin Hukumar Talifi da Dokta Rupert East ke shugabanta. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ta bazu a lokacin, cewa wai Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus.

Editanta na farko, Malam Abubakar Imam, bai taɓa shiga ajin koyon jarida ba. An haife shi a Kagara cikin 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1927 zuwa 1932, ya kuma koyar a Midil ta Katsina. Abin da ya jawo hankalin East gare shi shi ne littafinsa Ruwan Bagaja, wanda ya shiga gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Daga nan aka ɗauko shi zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce. Ke nan kafin ya hau kujerar edita, ya riga ya shafe shekaru yana sarrafa Hausa a rubuce, ana duba masa, ana gyarawa. Shi ya kawo sanin harshe da sanin mutane, East kuwa ya kawo dabarun tsara shafi da ƙa'idojin rubutu, har da haruffa masu lanƙwasa da aka shigar cikin rubutun boko a shekarun 1930.

Wannan shi ne tsarin horo na farko a Arewa, kuma ya daɗe yana aiki. Akan ɗauko malamin makaranta ko akawun En'e wanda aka ga alƙalaminsa yana da kyau, a zaunar da shi kusa da wanda ya riga shi, ya fara da fassara da karanta gyaran ɗab'i, har a yarda ya rubuta nasa. Ta haka Malam Nuhu Bamalli da waɗansu da dama suka taso. Da aka kafa Kamfanin Gaskiya cikin 1945, ginin da ke Tukur-Tukur ya zama tamkar makaranta, ko da yake babu wanda ya kira shi da wannan suna. A can aka fara buga Nigerian Citizen cikin 1948. A shekarun 1950 kuma, lokacin Yaƙi da Jahilci, Hukumar NORLA ta fito da ƙananan jaridun larduna, irin su Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Bazazzaga ta Zariya, waɗanda kowace ta zama wurin koyon aiki ga samarin lardinta.

Wannan tsari yana da rauninsa, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Wanda ya koyi aiki a gida ɗaya, ra'ayin maigidan yake ɗauka, kuma maigidan a nan gwamnati ce. Ba shi da takardar shaidar da zai nuna a wani wuri, saboda haka barin aiki yana yi masa wuya. Shi kansa Imam, tafiyar da ya yi zuwa Ingila cikin 1943 tare da ayarin editocin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Dokta Nnamdi Azikiwe, ita ta nuna masa ratar da ke tsakanin Arewa da sauran wurare, kamar yadda ya bayyana a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Rediyo da Telebijin

Rediyo ya shigo ne ta akwatin waya, wanda ake jonawa daga tasha zuwa gidaje da dandali. An fara a Ikko cikin 1935, Kano kuwa ta samu cikin 1944. Cikin 1951 aka kafa ma'aikatar watsa labarai ta Nijeriya, wadda ta zama hukuma mai zaman kanta cikin 1957. A wannan shekara ce kuma, cikin watan Maris, BBC ta buɗe Sashen Hausa, inda muryar Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ta fara fitowa daga Landan. Jihar Yamma ta buɗe telebijin a Badun cikin 1959, Jihar Arewa kuma ta buɗe Rediyo Telebijin Kaduna cikin watan Maris na 1962, da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila.

A nan ma ba jami'a ce ta samar da ma'aikatan farko ba. Malaman makaranta ne, da akawuna, da 'yan wasan kwaikwayo, har da tsofaffin sojoji irin su Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja. Horon da suke samu gajere ne: 'yan makonni a makarantar horaswa ta hukumar rediyo a Ikko, ko kuwa 'yan watanni a BBC ga wanda ya yi sa'a. Sauran kuwa a bakin aiki ake koyonsa. Amma waɗannan mutane su ne suka gina Hausar labarai da ake ji har yanzu. Kalmomi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya, da yaƙin cacar baka, da ƙuri'ar raba gardama, da jirgi mai saukar ungulu, da 'yan ba-ruwanmu, duk a ɗakunan labarai da na fassara suka sami gindin zama. Hukumar Harshen Hausa, wadda aka kafa cikin 1955, ta taimaka wajen daidaita irin waɗannan kalmomi. Rediyo ya fi jarida isa ga talakan Arewa, domin ba ya bukatar mutum ya iya karatu, kuma wannan ya sa wanda ya iya Hausa ya zama abin nema.

Shigowar Jami'a

Tunanin koyar da aikin jarida a jami'a daga Amurka ya taso. Jami'ar Misuri ce ta buɗe makarantar jarida cikin 1908, a ƙarƙashin Walter Williams, wanda shi kansa tsohon edita ne. Tun ranar farko ɗalibanta suka fara buga jarida ta kullum, wadda mutanen garin ke saye suna karantawa. Jami'ar Kolombiya ta bi baya cikin 1912, da kuɗin da Joseph Pulitzer ya bari. Ingila kuwa ta daɗe a kan ra'ayin cewa ɗan jarida a ƙaramar jaridar lardi ake ƙera shi. Wannan ra'ayi na Ingila shi Nijeriya ta gada a zamanin mulkin mallaka, shi ya sa Kwalejin Jami'a ta Badun, wadda aka buɗe cikin 1948, ba ta koyar da wannan fanni ba.

Azikiwe ne ya kawo sauyi. A Amurka ya yi karatu, shi ne kuma ya kafa West African Pilot cikin 1937. Da aka buɗe Jami'ar Nijeriya ta Nsukka cikin 1960 bisa tsarin Amurka, sai aka kafa mata Kwalejin Jarida ta Jackson cikin 1961. An ba ta wannan suna ne don tunawa da gidan John Payne Jackson, mai jaridar Lagos Weekly Record. Ita ce ta fara ba da digiri a wannan fanni a Nijeriya. Jami'ar Ikko ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1960, da taimakon UNESCO, ta kuma horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Turanci. A waje da jami'a kuma akwai Cibiyar Koyon Jarida ta Nijeriya, wadda ta samo asali cikin 1963, da makarantar da kamfanin Daily Times ya buɗe wa ma'aikatansa. Maƙwabta ma ba su zauna ba: Nkrumah ya kafa makarantar jarida a Ankara cikin 1959, ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma suka riƙa aika 'ya'yansu Dakar da Yawunde, kafin Nijar ta kafa tata cibiyar a Yamai, wadda aka sani da IFTIC.

Arewa ta makara a wannan fage. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962 ba tare da sashen koyon jarida ba. Da aka kafa New Nigerian ran 1 ga Janairu, 1966, masu digirin da suka riƙe ta daga waɗansu fannoni suka fito. Malam Adamu Ciroma, ɗan Nijeriya na farko da ya zama editanta, tarihi ya karanta a Badun, kuma daga aikin gwamnati aka ɗauko shi. Malam Mamman Daura, wanda ya gaje shi, tattalin arziki ya karanta a Dablin. Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi editan Sunday Triumph a Kano, daga baya kuma ta New Nigerian, kimiyyar siyasa ta fara karantawa a Zariya, sai daga bisani ta ƙara da difloma ta jarida. Sharhin New Nigerian na wancan zamani ya yi ƙarfin da gwamnatocin soja ke saurarensa, kuma ƙarfin ya samo asali ne daga sanin tarihi da tattalin arziki da yadda gwamnati ke gudana. Sai cikin 1978, shekara guda bayan Kwalejin Bayero ta zama cikakkiyar jami'a, aka buɗe Sashen Koyon Aikin Jarida a Kano. Jami'ar Maiduguri da manyan kwalejojin fasaha suka biyo baya.

Bukata ce ta tilasta wannan faɗaɗawa. An ƙirƙiro jihohi 12 cikin 1967, suka zama 19 cikin 1976, kowace kuma tana son ma'aikatar labarai da gidan rediyo, waɗansu har da jarida. An kafa Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya cikin 1976, da Hukumar Telebijin ta Ƙasa cikin 1977, da Hukumar Rediyon Tarayya cikin 1978. Tsohon tsarin koyo a gindin edita ba zai iya cike waɗannan guraben ba. Daɗin daɗawa, tsarin albashin gwamnati ya ɗora matsayin ma'aikaci a kan takardar shaidarsa, har ta kai ga mai digiri yana shiga aiki a matakin da wanda ya shekara goma yana karanta labarai bai kai ba. Wannan ya haifar da tsamin dangantaka a gidaje da yawa tsakanin tsofaffin hannu da sababbin shiga.

Abin da Jami'a ta Ƙara

Riba ta farko ita ce sanin doka da haƙƙi. Ɗan jaridar Nijeriya ya yi aiki shekaru masu yawa a ƙarƙashin mulkin soja, inda kuskure ƙarami, ko ma rashin kuskure, ke iya kai mutum kurkuku. Cikin 1973 aka kama Minere Amakiri, wakilin Nigerian Observer a Fatakwal, aka aske masa kai, aka yi masa bulala 24, saboda ya ba da labarin koke-koken malaman makaranta, labarin kuma ya fito ran bikin haihuwar gwamnan soja na jihar. Ya kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya, ta kuma sa aka biya shi diyya. Cikin 1984 aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara ɗaya ɗaya a ƙarƙashin Doka ta 4, saboda labarin naɗin jakadu. Cikin watan Oktoba na 1986 aka kashe Dele Giwa na mujallar Newswatch da bam ɗin da aka aika masa cikin ambulan. A aji ne ɗalibi ke samun sukunin nazarin waɗannan al'amura a tsanake, ya san dokar ɓata suna da ta raina kotu, ya kuma san cewa Sashe na 22 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa kafofin watsa labarai nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a.

Riba ta biyu ita ce faɗin tunani. A shekarun 1970 aka yi ta muhawara a UNESCO kan yadda kamfanonin dillancin labarai na Turai da Amurka suka mamaye labaran duniya, har ta kai ga rahoton kwamitin MacBride cikin 1980. Jami'o'i ne suka kawo wannan muhawara gida, suka koya wa ɗalibai su tambayi wanda ya mallaki kafa da wanda take yi wa aiki. Tambayar ta dace da lokacinta, domin cikin 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓe New Nigerian, ta kuma sayi kashi 60 cikin ɗari na Daily Times. Riba ta uku kuwa ita ce buɗe ƙofa. Ɗan talakan da ba shi da kowa a gidan rediyo, da 'ya mace wadda a da ba za a tuna da ita ba, duk sun sami hanyar shiga ta jarrabawa.

Abin da Aka Baro a Baya

An ɗauko manhajar Amurka, amma ba a ɗauko jaridar Misuri tare da ita ba. Sassa da yawa sun shekara suna koyar da aikin rediyo a kan allo, jaridar gwaji kuma takan fito sau ɗaya ko sau biyu a zango, in an sami kuɗin bugawa. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara dagula al'amarin, domin kayan aiki daga waje ake sayo su. An yi ƙoƙarin toshe wannan gurbi da shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, wanda Asusun Horar da Ma'aikata ya ɓullo da shi cikin 1973, da kuma shekarar yi wa ƙasa hidima, wadda ita ma aka fara a wannan shekara. Amma amfanin waɗannan watanni ya danganta ne ga wanda ya karɓi ɗalibin. Inda aka ba shi labari ya rubuta, aka gyara masa da jan biro, aka sa ya sake, ya kan fito da abin da aji bai ba shi ba. Inda aka bar shi a kan benci yana jiran a sa masa hannu a littafi, ya yi asarar lokacinsa, ma'aikatar kuma ta yi asarar ma'aikacin gobe.

Babbar asarar ita ce ta harshe. Da Turanci ake koyar da ɗalibi, da shi yake rubuta jarrabawa da kundin kammala karatu, alhali a Arewa aikin farko da ke jiransa galibi na Hausa ne. Sashen Hausa na Muryar Amurka ya fara aiki cikin 1979, ya tarar da na BBC da na Muryar Jamus. Kamfanin Triumph na Kano, wanda aka kafa cikin 1980, ya buga Albishir da boko, ya kuma buga Alfijir da ajami. A jami'a ɗaya za a tarar da sashen harsunan Nijeriya da sashen jarida suna maƙwabtaka, amma ɗalibin wannan bai cika shiga ajin wancan ba. An ɗauka cewa wanda aka haifa cikin Hausa ba ya bukatar a koya masa ita, wannan kuwa kuskure ne, domin jin harshe daban, iya aiki da shi daban.

Alal misali, sabon ma'aikacin da aka miƙa wa labarin kotu da Turanci, aka ce ya juya shi cikin minti goma kafin labaran ƙarfe biyar, tilas ne ya san bambancin wanda ake zargi, da wanda ake tuhuma a gaban alƙali, da wanda aka samu da laifi. In ya haɗa su ya ce an kama ɓarawo, ya yanke wa mutum hukunci kafin kotu, ya kuma jawo wa gidansu ƙara. Tilas ne ya san ƙa'idojin rubutu da aka daidaita a taron Bamako na 1966 da tarurrukan da suka biyo baya, ya san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta. Haka nan jami'in labaran ma'aikatar lafiya da aka aika ya yi wa ƙauyawa bayanin allurar rigakafi, nasararsa ta rataya ne a kan zaɓen kalma da sanin wanda ya kamata a fara gaisarwa.

Rashin sanin masu karatu yana iya kai wa ga asarar rayuka. Cikin watan Nuwamba na 2002, wata matashiyar ma'aikaciyar ThisDay, wadda ba ta daɗe da gama karatun jarida a Ingila ba, ta rubuta sharhi kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, ta sa wata jimla da Musulmi suka ɗauka ɓatanci ne ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Jimlar ta wuce ta hannun editoci ba a cire ta ba. Jaridar ta nemi gafara, amma tarzoma ta ɓarke a Kaduna, mutane fiye da 200 suka rasa rayukansu, aka mai da gasar Landan. Alhakin jini yana kan waɗanda suka zubar da shi. Duk da haka, abin da ya faru ya nuna cewa digiri bai wadatar ba ga wanda bai san abin da jama'ar ƙasarsa ke girmamawa ba, kuma gidan da bai tsaya a kan sabon ma'aikacinsa ba ya bar shi cikin haɗari.

Sauye-sauyen Baya-bayan Nan

Doka ta 38 ta 1992 ta kawo ƙarshen mallakar gwamnati ita kaɗai a kan rediyo da telebijin. Raypower ta fara aiki a Ikko cikin 1994, Freedom Radio kuma a Kano cikin 2003, daga nan tashoshi masu zaman kansu suka yawaita a biranen Arewa, mafi yawan shirye-shiryensu da Hausa. Wayar salula ta shigo cikin 2001, intanet ya biyo ta, har ta kai ga kowane mai waya yana iya yaɗa labari, na gaskiya ko na ƙarya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan jarida, da ma kowane ɗan ƙasa, ikon neman takardun hukuma. Jami'o'i ma sun sami lasisin buɗe gidajen rediyonsu, Jami'ar Ikko ce ta fara samu cikin 2002, wannan kuwa ya kusantar da su ga abin da Misuri ta yi tun 1908.

Cikin 2020 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ba da sanarwar rarraba tsohon digirin nan guda zuwa fannoni bakwai, cikinsu har da aikin jarida, da na rediyo da telebijin, da hulɗa da jama'a, da talla, da shirya fim, da sadarwa don raya ƙasa. Dalilin da aka bayar shi ne fannin ya yi faɗin da digiri ɗaya ba zai ɗauke shi ba. Akwai hikima a cikin wannan. Amma tarihin New Nigerian yana gargaɗi cewa ƙunƙuntar karatu tana da nata haɗari, domin wanda ya ƙware a sarrafa kyamara, amma bai san yadda ake tsara kasafin kuɗin jiha ba, zai ɗauki hoton kwamishina mai kyau, ya kasa yi masa tambayar da ta dace.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya cewa kowane zamani ya riƙe wani ɓangare na horon. Zamanin Imam ya riƙe harshe da aikin hannu, zamanin Ciroma ya riƙe zurfin ilmi a wani fanni na daban, zamanin sassan jami'a kuma ya riƙe doka da ɗa'a da nazari. Ɗalibin da ke son ya shiga aikinsa na farko da ƙafar dama, sai ya tattaro su da kansa tun yana makaranta. Ya ɗauki darussan Hausa da fassara a matsayin kayan sana'a. Ya zaɓi fanni guda, ko noma, ko lafiya, ko shari'a, ko tattalin arziki, ya san shi sosai. Ya riƙa rubutu kullum yana kai wa wanda zai gyara masa ba tare da jin kunyarsa ba, domin ranar neman aiki abin da ya rubuta aka buga, ko ya shirya aka watsa, shi edita zai fara dubawa kafin takardar digiri.

Nauyin da ke kan hukumomi kuwa a bayyane yake. Jami'a tana iya wajabta wa ɗalibin jarida darasin rubutu da fassara cikin harshen yankinta, ta kuma gayyato tsofaffin ma'aikatan rediyo da jarida su koyar, ko da ba su da manyan digirori, tun kafin abin da suka sani ya tafi tare da su. Ma'aikatun labarai da gidajen rediyo kuma suna iya ɗora kowane ɗalibi mai koyon aiki a hannun ma'aikaci guda, wanda za a tambaya in yaron ya fita bai iya kome ba. Ba sabon abu ba ne wannan, domin haka aka yi a Tukur-Tukur. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shekarun jami'a da watannin farko na aiki kuwa su ne lokacin ɗanyantakar ma'aikacin watsa labarai.